Python da yadda yake nuna maka kuskure: abin da ya gyaru daga 3.10 zuwa yanzu, da abin da har yau yake ci min tuwo a ƙwarya

Duk wanda ya tashi yabon Python sai ka ji yana maganar sauƙin rubutu ko yawan laburare, wato tarin kod da wasu suka riga suka rubuta don a ɗauka a yi aiki da shi, ni kuma abin da nake auna yaren kwamfuta da shi daban ne: in abu ya lalace, me yake gaya min, kuma yana gaya min ma kuwa? Domin wanda yake rubuta kod kullum ya san mafi yawan lokacinsa a kan karanta kuskure yake ƙarewa. To wannan sharhin kan wannan ɓangaren ne kaɗai, ina magana a kan CPython, wato tafintan da kake saukewa kyauta daga python.org, wanda aka rubuta da C, daga sigar 3.10 zuwa sama. Da shi nake aiki kuma da shi nake koyar da masu farawa, saboda haka ina ganin yadda saƙonnin nan suke yi wa wanda ya goge da kuma wanda jiya ya fara.

Bari in fara da abin da yake faruwa a ciki, don sai ka gane shi sauran maganar za ta zauna. Shi C ba shi da try ba shi da except, kalmomin nan biyu da ake tare kuskure da su a Python, to yadda CPython yake yi shi ne, in wani fankshin na C ya ci karo da matsala, sai ya ajiye bayanin kuskuren a wani ma'aji na zaren da yake gudana (zare, wato thread, layin aiki guda ne a cikin shiri), da abu irin PyErr_SetString, sannan ya dawo da NULL ko -1, alamar cewa aikin bai yiwu ba. Wanda ya kira shi ya ga NULL, shi ma ya tattara nasa kayan ya dawo da NULL, haka ake ta miƙawa sama kamar yadda leburori suke miƙa kwanon kankare hannu zuwa hannu har ya kai saman bene, har a isa wurin da akwai except da ya dace, in kuma babu a ko'ina sai tafintan ya buga maka sawun kuskuren gaba ɗaya, abin nan da ake kira traceback, ya fita. Tsarin yana da kyau amma ya dogara da kowa ya yi nasa. In wani laburare na C ya dawo da NULL bai ajiye komai ba, za ka ga SystemError yana cewa an dawo da NULL ba tare da an saka kuskure ba, kuma ina jin daɗin cewa tafintan yana kama wannan ɗin maimakon ya wuce kamar ba a yi komai ba.

Da, kafin 3.10, wallahi saƙon kuskuren rubutu abin takaici ne. Ka buɗe baka a layi na 12 ka manta ba ka rufe ba, sai ya je layi na 15 wanda ba ruwansa ya ce invalid syntax, ko ya kai ƙarshen fayil ya ce unexpected EOF while parsing. Ɗalibi ya zauna yana ta kallon layi na 15 yana gogewa yana sake rubutawa, layin kuma lafiyarsa ƙalau. Wanda ya saba ya san sai ya duba sama, amma sabon shiga daga ina zai sani? Da yawa a nan zuciyarsu take karyewa su ce abin ba nasu ba ne. A 3.9, wadda ta fito Oktoban 2020, aka canza injin da yake karanta rubutun kod ɗin zuwa sabon da ake kira PEG, shi ya buɗe ƙofa, sai 3.10 ta fito ranar 4 ga Oktoba 2021 da gyaran da ni a wurina ya fi komai. Yanzu zai kai ka kan bakan da ka buɗe ya ce '(' was never closed. Ka manta ruwa biyu a ƙarshen if, ya ce expected ':'. Ka manta waƙafi a tsakiyar jeri, ya tambaye ka ko waƙafi ka manta. Ka rubuta pritn maimakon print, ya ce ko print kake nufi. Pablo Galindo Salgado, wanda shi ne ya jagoranci fitar da 3.10 da 3.11, shi ne kan gaba a wannan aikin, kuma su da kansu sun faɗa cewa maganar bakan da ba a rufe ba daga PyPy, wani tafintan Python na daban, suka samo tunaninta. Ban ga wani abu da ya rage min yawan "malam zo ka duba min" a aji kamar wannan ba.

Sai dai ka lura da abu ɗaya game da shawarar nan ta "ko kaza kake nufi". Ba a cikin kuskuren kansa take ba, a lokacin bugawa ake lissafa ta, ana gwada sunan da ka rubuta da sunayen da suke kusa a ga wanne ya fi kama. Saboda haka in ka kama kuskuren da except ka buga str(e) kawai, ba za ka ga shawarar ba. Mutane da yawa suna haka, suna buga saƙon kaɗai su yar da sawun, alhali logging.exception yana nan zai ajiye maka komai har da layuka.

To 3.11, wadda ta fito 24 ga Oktoba 2022, ita ce na fi so. Mutane sun fi maganar saurinta, an ce ta fi 3.10 da kashi 10 zuwa 60 cikin ɗari ya danganta da aikin, gaskiya ne, amma ni ƴan alamomin nan da take zanawa a ƙarƙashin layi su suka saye ni. Duba wannan:

```
  File "dalibai.py", line 14, in nuna
    print(bayani["makaranta"]["aji"]["malami"])
          ~~~~~~~~~~~~~~~~~~~~~~~~~~^^^^^^^^^^
TypeError: 'NoneType' object is not subscriptable
```

A 3.10 layin kawai za a ba ka da saƙon ƙasa, sai ka zauna kana tambayar kanka wanne ne None, wato gurbin da ba a sa masa komai ba, a cikin ukun, bayani ne, makaranta ce, ko aji? Sai ka fara watsa print a ko'ina kana sake gudanarwa, in kuma bayanin daga wata saba (server) yake zuwa kuma ba kullum yake zuwa a lalace ba, to sai ka jira ranar da zai sake faruwa. Yanzu kallo ɗaya ya isa, ƴan hulunan nan (^) suna ƙarƙashin malami, ma'ana an samu makaranta, an samu aji, amma ajin shi ne None. Haka yake yi a lissafi mai tsawo, in akwai rabawa uku a layi ɗaya zai nuna maka wadda ta raba da sifili. PEP 657, ɗaya daga cikin takardun da ake gabatar da shawarar gyara Python da su, ita ce ta kawo shi, aikin Pablo da Batuhan Taskaya da Ammar Askar. Yadda aka yi shi ne kowane umarni a cikin kod ɗin da aka tace, wato aka juya shi yadda tafintan zai gudanar, yanzu yana riƙe da inda ya fara da inda ya ƙare a layin, ba lambar layi kaɗai ba, wannan ya ɗan ƙara wa fayilolin pyc, inda ake ajiye tataccen kod ɗin, nauyi, kuma wanda bai so yana iya kashewa da -X no_debug_ranges. Ni dai ban ga dalilin kashewa ba sai in a ƙaramar na'ura kake aiki wadda ma'ajinta ya matse sosai.

Akwai kuma wani gyara a 3.11 da ba a gani da ido. Da duk sanda ka shiga try sai tafintan ya yi ɗan aiki na shiri, ko kuskure ya faru ko bai faru ba. Yanzu an mayar da shi tebur da ake haɗawa tun lokacin tace kod, ba a waiwayarsa sai kuskure ya tashi, saboda haka try ɗin da ba a samu matsala a cikinsa ba kusan kyauta ne. Masu cewa kar a sa try a cikin madauki (loop) don yana rage gudu, wannan hujjar ta tafi.

Daga nan sai ƙananan ƙari da suke ta zuwa kowace shekara. 3.12, Oktoban 2023, in ka yi amfani da sys ba ka shigo da shi ba za ta tambaye ka ko mantawa ka yi da import, in kana rubuta class ka manta self za ta tuna maka. 3.13, Oktoban 2024, ta sa launi a sawun kuskure ta kuma kawo sabon allon gwaji, inda kake rubuta kod layi-layi kana ganin amsa nan take, amma abin da ya fi burge ni a cikinta maganar sunan fayil ce. Kusan kowane mai koyo sai ya sa wa fayil ɗinsa suna random.py ranar da aka koya masa random, sai import ya ɗauko nasa fayil ɗin maimakon na laburare, saƙon da yake samu a da kuma ba ya kai shi ko'ina. Yanzu kai tsaye take ce masa ya canza sunan fayil ɗin don ya yi karo da na laburare. Wanda ya rubuta wannan saƙon tabbas ya taɓa zama kusa da mai koyo.

Kada in manta da tsofaffin abubuwa masu kyau da an riga an saba da su har ba a ganin darajarsu. Tun Python 3.0 a 2008, in kuskure ya faru kana tsakiyar magance wani, duka biyun ake nuna maka a jere, na farkon ba ya ɓata, kuma da raise ... from kana iya cewa wannan ne ya jawo wancan. Sannan 3.3 a 2012 ta raba OSError gida-gida, FileNotFoundError da PermissionError da ConnectionError da TimeoutError da sauransu, kafin nan sai ka kama kuskure guda ka tsaya duba errno, wato lambar kuskuren, kana gwada lamba. Mu da netwok yake yanke mana a tsakiyar aiki, iya cewa "in layi ne ya katse sake gwadawa, in izini ne babu tsaya" cikin layi huɗu ba ƙaramin abu ba ne. Ga add_note da 3.11 ta ƙara, kana iya liƙa wa kuskure bayani yana kan hanyarsa ta hawa, misali kana karanta fayil mai layi dubu hamsin ka liƙa masa cewa a layi kaza na fayil kaza aka tsaya. Ƙaramin abu ne amma ina amfani da shi kusan kullum. ExceptionGroup da except* kuma, aikin Irit Katriel da Yury Selivanov da Guido van Rossum, na masu gudanar da ayyuka da yawa lokaci guda ne, in ka tura buƙata goma, uku daga ciki suka faɗi, TaskGroup zai dakatar da sauran ya kawo maka kurakuran a dunƙule. Yana aiki, sai dai sawun da yake bugawa mai rassa ne da layuka a gefe, mai koyo in ya gani tsorata yake yi, ban cika nuna shi da wuri ba.

In ka gwada da JavaScript, inda "5" + 3 zai ba ka "53" ya yi gaba abinsa, Python tsayawa zai yi ya ce ba a haɗa rubutu da lamba. Wannan halin na tsayawa shi ne asalin abin da nake so a yaren. Har a cikin ƴan ƙa'idojin da Tim Peters ya rubuta, waɗanda za ka gani in ka buga import this, an ce kada kuskure ya wuce shiru sai in da gangan aka rufe bakinsa. To a nan ne ƙorafina yake farawa, domin akwai wurare da yawa da Python ɗin kansa bai cika wannan alkawarin ba.

Na farko dai wasu saƙonnin har yau a rame suke. IndexError zai ce list index out of range, shi ke nan, bai gaya maka lambar da ka nema ba, bai gaya maka tsawon jerin ba, alhali duka biyun suna hannunsa a lokacin. KeyError sunan makullin kawai zai ajiye maka. Shi kuma None, an nuna maka inda ya fashe amma ba a nuna inda ya fito ba, kuma sau da yawa nesa ne, wani ya rubuta jeri = jeri.sort() can sama, ko re.match bai samu komai ba ya dawo da None, sai layi arba'in a ƙasa abin ya tashi. Wannan na ƙarshen na san da wuyar gyarawa, amma na IndexError ban ga uzuri ba.

Wanda ya fi damuna shi ne kuskuren da ba ya magana sam. Ka tura aiki cikin ThreadPoolExecutor, mai raba ayyuka ga zare da yawa, da submit, aikin ya faɗi, kuskuren zai zauna a cikin sakamakon yana jiranka, in ba ka kira result ba har abada ba za ka ji labarinsa ba, manhajar ta gama ta fita lafiya kai kana zaton an aika saƙo ɗari biyar alhali ko ɗaya bai tafi ba. Zare na yau da kullum in ya faɗi yana buga sawu amma babban shirin ci gaba yake yi, ya fita da lambar nasara, to in saba ce da ba mai kallon allonta fa? A asyncio, laburaren gudanar da ayyuka da yawa lokaci guda, sai can daga baya, lokacin da ake share aikin daga ƙwaƙwalwa, za ka ga Task exception was never retrieved. Kuskuren da ya faru a cikin __del__, fankshin da ake kira lokacin share abu daga ƙwaƙwalwa, ana buga Exception ignored in a wuce. subprocess.run in ba ka sa check=True ba, umarnin da ka kira ya mutu ma ba zai ɗaga murya ba. assert kuma in aka gudanar da -O gaba ɗaya ake cire shi, saboda haka wanda ya yi amfani da shi wajen tantance kuɗi ko kalmar sirri ya gina a kan iska. Na san kowanne yana da dalilinsa, kuma an ba da ƙugiyoyi irin threading.excepthook da sys.unraisablehook tun 3.8 don ka kama su, amma sai wanda ya riga ya sani ne zai je nemansu, wanda bai sani ba kuwa shi ne ya fi buƙata. Aƙalla return a cikin finally, wanda yake haɗiye kuskure ɗungurungum, 3.14 ta fara yin gargaɗi a kansa, na ji daɗin wannan.

Haka kuma except tsirara, wanda ba a rubuta komai a gabansa ba. Yana kama komai har da KeyboardInterrupt da SystemExit, shi ya sa za ka ga shiri yana juyawa a madauki kana danna Ctrl+C ya ƙi tsayawa. An tsara gidan da kyau, waɗannan biyun ba sa ƙarƙashin Exception don dai kada a kama su bisa kuskure, amma yaren ya bar ƙofar baya a buɗe kuma tafintan ba ya ko tari in ka bi ta. Sai ka sa kayan duba kod irin flake8 ko ruff kafin wani ya ce maka kul. Na fi son a ce tafintan da kansa yake gargaɗi.

Yanzu ga wanda ya shafe mu kai tsaye, mu masu sarrafa rubutun Hausa, kuma a nan nake so a tsaya a karanta da kyau. A Windows, in ka buɗe fayil da open ba ka faɗi encoding ba, wato tsarin ajiye haruffa, Python ba UTF-8 mai ɗauke da haruffan kowane yare yake ɗauka ba, tsarin haruffan kwamfutar yake bi, wanda a yawancin kwamfutocinmu cp1252 ne, na yarukan yammacin Turai. Babu ƙ a ciki, babu ɗ, babu ɓ, babu ƴ. In rubutawa kake yi da sauƙi, zai tsaya ya ce 'charmap' codec can't encode character '\u0199', wannan lambar ita ce ƙ, saƙon ba daɗi amma dai ya yi magana. Wajen karantawa ne abin yake da haɗari. Fayil ɗinka UTF-8 ne, ƙ a cikinsa bayit biyu ce, C6 da 99, kuma duka biyun suna da ma'ana a cp1252, saboda haka ba kuskuren da zai tashi, kawai "ƙasa" za ta koma "Æ™asa", "ɗaki" ya koma "É—aki", shirin ya ci gaba ya zuba su cikin rumbun bayanai haka nan. Kana iya sarrafa sunaye dubbai ba ka ji ko ƙyas ba, sai ranar da aka ci karo da babban Ɓ, shi bayit ɗinsa na biyu 81 ne, wanda babu shi a cp1252, sai a lokacin UnicodeDecodeError zai tashi. Wato harafi ɗaya ne yake ƙara, sauran ƴan uwansa sun lalace shiru tun tuni. Ga shi print a allo yana nuna ƙ daidai tun 3.6, sai mutum ya sakankance, amma yana karkatar da fitowar zuwa fayil matsalar ta dawo.

Abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne maganin da mutane suke samowa a intanet: sa errors="ignore". Kuskuren ya ɓace, eh, amma wajen rubutawa "ƙasa" ta koma "asa", harafin an jefar da shi kuma ba mai dawo da shi. errors="replace" ya ɗan fi don yana barin alamar tambaya a gurbin, ka san an yi asara. Laburaren yana da masu kyau irin backslashreplace da surrogateescape waɗanda ba sa zubar da komai, amma saƙon kuskuren bai ambaci ko ɗaya ba, bai kuma ce maka gwada utf-8 ba. Tafintan da ya iya cewa "ko print kake nufi" ya kamata ya iya cewa "ko utf-8 kake nufi". Maganin gaskiya shi ne duk open ka rubuta encoding="utf-8", ko ka sa PYTHONUTF8=1 a kwamfutar, wannan yana nan tun 3.7. Akwai kuma -X warn_default_encoding tun 3.10 da zai nuna maka duk inda aka buɗe fayil ba a faɗi tsari ba, amma a kashe yake sai ka kunna. An amince a PEP 686 cewa daga 3.15 UTF-8 zai zama na asali, madalla, sai dai an daɗe ana lalata rubutun mutane kafin a kai nan, kuma ba mu kaɗai ba, Yarbawa da Fulani da duk mai harafin da ya fita daga na Turawan yamma yana shan wannan.

Sauran wuraren da Python ba ya iya komai su ne in abin ya faɗi a ƙasa da shi. Laburaren C ya taɓa ƙwaƙwalwar da ba tasa ba, sai ka ga Segmentation fault kawai ba sawu ba komai, sai in ka kunna faulthandler, wanda yake nan tun 3.3, shi zai nuna maka layin Python na ƙarshe kafin faɗuwar. A Linux in ƙwaƙwalwa ta cika sau da yawa ba MemoryError za ka gani ba, tsarin ne zai kashe shirin ya rubuta Killed. Wannan ban ɗora wa Python laifi ba. Amma ina ba da shawarar -X dev lokacin gwaji, yana kunna faulthandler ya kuma fito da gargaɗin da aka saba ɓoyewa, har da na fayil ɗin da aka buɗe ba a rufe ba.

Saƙonnin kuma duk da Turanci suke, babu fassara a cikin tafintan, ba Hausa kaɗai ba ko Faransanci babu. Ɗalibin da ya yi karatu a Zinder ko Maradi da Faransanci, kalma irin subscriptable ko iterable ba ta gaya masa komai, kai ko wanda ya yi da Turanci ma sai an yi masa bayani. Akwai laburaren friendly-traceback na André Roberge da yake faɗaɗa bayani cikin sauƙi kuma yana da Faransanci, yana taimakawa. Na fahimci dalilin barin saƙon da yare ɗaya, don ka kwafa ka nema a intanet ka samu wanda ya taɓa cin karo da shi, amma hakan ba zai hana a ƙara layi ɗaya na bayani a ƙasa ba.

To wa zan ce ya ɗauka? Duk mai koyo da duk mai koyarwa, kada ya zauna ƙasa da 3.11, in da hali 3.13 ko sama. Ubuntu 22.04 da 3.10 take zuwa, Debian 12 da 3.11, Ubuntu 24.04 da 3.12, ka buga python3 --version ka ga inda kake. Matsalar da na fi gani ita ce tsofaffin laftof masu Windows 7, waɗanda har yanzu suna hannun ɗalibai da yawa, 3.8 ce ta ƙarshe da take hawa kansu, kuma an daina kula da ita tun Oktoban 2024, ma'ana duk gyaran nan na 3.9 zuwa sama da na lissafa ba su samu ko ɗaya ba. Irin waɗannan gara a sa musu Linux mara nauyi a gefe, na'urar za ta ɗauka, su samu sabon Python. In maki zan bayar, wajen nuna kuskuren da ya fito fili takwas cikin goma, wajen kuskuren da yake wucewa shiru biyar, kuma rabin abin da na rage na maganar cp1252 ne. Wanda yake da tsohon shiri da yake karanta sunayen mutane ko rubutun Hausa a Windows, ya gudanar da shi sau ɗaya da -X warn_default_encoding, sannan ya buɗe rumbun bayanansa ya nemi Æ da É ya ga layi nawa za su fito.